Nazarin Lamari: Bindigar da Cin Albarushinta Ya Fi Aikinta

Asalin lamarin

Mutumin da wannan rahoto ya shafa maharbi ne mai lasisi, wanda ya shafe shekaru yana zuwa filin gwajin harbi a kai a kai, kuma shi ke ɗura harsasansa da hannunsa bisa ma'aunan da masu yin albarushi suke wallafawa. Galibin harbinsa tsakanin mita 100 ne da mita 300, kan allon saiti, sai kuma farautar dabbobi masu matsakaicin jiki idan lokacin da doka ta yarda ya zo. Da ya tashi sayen sabuwar bindiga, ya zaɓi mai cin harsashin .300 Winchester Magnum, wanda aka fitar a 1963, domin takardun kamfanoni sun nuna cewa yana tura kan harsashi mai nauyin giren 180 da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa guda. Giren shi ne ma'aunin da masu wannan sana'a suka saba da shi. Guda 7,000 ke cika laba ɗaya, don haka giren 180 daidai yake da giram 11.7.

Saboda yana son abin da ba zai yi masa nauyi a kafaɗa ba, sai ya ɗauki mai gajeren bututu, santimita 51. Gudun da kamfanoni ke rubutawa a jikin kwali kuwa, yawanci da bututu mai santimita 61 ake auna shi. A lokacin bai lura da wannan bambanci ba.

Kowane harsashi yana ɗaukar masa albarushi kimanin giram 4.8, kuma yakan harba wajen 120 a wata.

Wata na 1 zuwa na 4: abin da na'urar awo ta nuna

A makonnin farko babu abin kuka. Harsashi biyar da ya harba daga mita 100 sukan taru a cikin da'irar da ba ta wuce santimita 3 ba, wanda ya isa ga bindigar farauta. Abu biyu ne kawai suka ɗan dame shi: ƙarar ta fi wadda ya saba ji, har maƙwabtansa a layin harbi sukan matsa gefe, sannan idan magariba ta gabato akan ga wani dunƙulen wuta yana fita daga hancin bindigar a duk harbi.

A wata na uku ya samu na'urar auna gudun harsashi, ya harba goma ta cikinta. Matsakaicin gudun ya tsaya a kan mita 860 a daƙiƙa, wato ƙasa da na jikin kwali da mita 40. Ya sake gwadawa wata rana da safe, ya samu kusan haka. Abin da ya fara zargi shi ne na'urar, sai ya ari ta wani, ita ma ta ba shi amsa ɗaya.

A wannan lokacin ne kuma ya lura gwangwanin albarushi mai laba ɗaya, giram 454, ba ya kai shi ƙarshen wata. Lissafin a fili yake: idan aka raba 454 gida 4.8, harsashi 94 kawai ake samu.

Wata na 5 zuwa na 8: neman gudun da ya ɓata

Matakin farko da ya ɗauka shi ne ƙara albarushi kaɗan-kaɗan, yana hawa zuwa iyakar da littafin ɗuri ya yarda. Gudun ya ƙaru, amma da ƙyar, bai fi mita 10 zuwa 15 ba. Kafin ya kai iyakar ma sai kwanso, wato gidan tagullar da albarushi ke ciki, ya fara nuna alamun wahala. Makunnin da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke bugawa, ya riƙa fitowa a baje, gefensa mai lanƙwasa ya shafe. A gindin wasu kwansuna akwai ɗan tabo mai sheƙi inda tagulla ta matsu cikin ramin da ke fuskar sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a mazauninsa. Wata rana da zafi ya yi yawa sai da ya sa tafin hannu ya bugi mariƙin sakata kafin ta buɗe. Waɗannan alamu ne na cewa matsin da ke cikin mazaunin harsashi ya kusa wuce ƙa'ida ko ya wuce, kuma ƙa'idar wannan harsashi a Turai ita ce 4,300 a ma'aunin matsi na "bar". Nan ya tsaya, ya warware harsasan da ya riga ya ɗura, ya koma ma'auninsa na da.

Mataki na biyu shi ne sauya nau'in albarushi. Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ya samo asali ne daga aikin Paul Vieille a Faransa a 1884, kuma bambancinsa da baƙin albarushi na gargajiya shi ne ana iya sarrafa saurin cin wutarsa ta hanyar girman ƙwaya da siffarta da abin da aka shafe ta da shi. Manyan kwansuna suna buƙatar mai jinkirin ci, domin matsin ya daɗe yana tura kan harsashi ba tare da ya yi tsalle lokaci guda ba. Maharbin ya gwada wanda ya fi nasa jinkiri, bisa ma'aunin littafi. Sai da ya ƙara nauyin abin da yake zubawa, gudun ya motsa kaɗan, wutar hanci da ƙarar kuwa suka ƙaru sosai. Daga nan ya juya ya gwada mai ɗan sauri, da tunanin cewa gajeren bututu albarushi mai sauri yake so. Wannan tunani ya yaɗu tsakanin maharba, amma awon bai goyi bayansa ba: matsin ya kai iyaka da wuri, gudun kuma ya sauka ƙasa da 860.

Duk wannan gwaji ya ci harsasai masu yawa, kuma yawancinsu a jere aka harba su, goma-goma, bututu na zafi har ba a iya riƙe shi da hannu.

Wata na 9 zuwa na 11: shuri da rawar hannu

A wata na tara taruwar harsasai a allon saiti ta fara watsewa. Da'irar santimita 3 ta zama 5, wani lokaci 7, kuma sau da yawa harsashi ɗaya kan kauce can ƙasa ta hagu. Ya ɗaure kusoshin madubin saiti, ya wanke bututu da maganin cire tagulla, ya sauya kamfanin kan harsashi. Babu abin da ya canza.

Wani abokin harbinsa ne ya yi masa gwajin da tsofaffin masu koyar da harbi suka sani. Ya karɓi bindigar ya ɗura masa ita a bayan idonsa, ya cusa harsashin da babu albarushi ko makunni a tsakanin masu rai. Da maharbin ya ja kunama a kan wannan mataccen harsashi, bindigar ba ta tashi ba, amma kowa ya ga abin da ya faru: idanunsa sun rufe, kafaɗarsa ta zaburo gaba, hancin bindigar ya dunguri ƙasa. Jikinsa ya riga ya koyi tarar shurin kafin ya iso. Shi kansa bai san yana yi ba sai a ranar.

Ya sa aka ɗaura masa birkin hanci, wani ƙarfe mai huji a gefe da ke karkatar da iskar albarushi zuwa dama da hagu. Shurin ya ragu ƙwarai, amma ƙarar ta dawo kansa da kan na kusa da shi, har sai ya haɗa abin toshe kunne biyu, kuma a farauta, inda ba kullum ake samun sukunin toshe kunne ba, abin ya zama haɗari ga jinsa.

Daga nan ya gwada saukar da albarushi zuwa mafi ƙarancin ma'aunin da littafi ya yarda da shi. Bai sauka ƙasa da haka ba, domin albarushi mai jinkiri idan ya yi kaɗan a cikin babban kwanso yana iya jinkirta tashi ko ya tashi da matsin da ba a zata ba, kuma masu yin albarushi suna gargaɗi a kan haka. A wannan ma'auni, kimanin giram 4.3, gudun ya sauko kusa da mita 800 a daƙiƙa. Shurin ya yi sauƙi, amma tazarar da ke tsakanin harsashi mafi gudu da mafi sanyi ta faɗaɗa, wuyan kwanso kuma ya riƙa fitowa baƙi da kunkunniya, alamar cewa matsin bai isa ya manne tagulla da bangon mazauninta da wuri ba. Taruwar harsasai ta ɗan gyaru, amma ba ta koma yadda take a da ba.

Wata na 12: abin da maƙerin bindiga ya gani

Lokacin da ya kai bindigar wurin maƙeri, littafin ajiyarsa ya nuna ta harba kimanin 1,400. Maƙerin ya zura siririn madubin duba cikin bututu ta baya, ya ce masa ya leƙa da kansa. Daga tsakiyar bututu zuwa hanci ƙarfen yana sheƙi, tsagar da ke murɗa harsashi tana da kaifinta. Amma a maƙogwaro, wato 'yan santimitocin farko da ke gaban bakin kwanso, ƙarfen ya yi baƙi ya tsattsage kamar lakar tafki da rani, kuma mafarin tsagar ya cinye ya ja gaba. Kan harsashi yana yin tsalle mai nisa kafin ya kama tsaga, ya kuma bi ta kan ƙarfe mai kaushi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zafin iskar albarushi yana haura digiri 2,000, ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,500. Abin da ke ceton bututu shi ne wutar ba ta daɗewa, kashi ɗaya ko biyu ne cikin dubu na daƙiƙa. Amma duk harbi yana gasa fatar ƙarfen ya bar ta ta huce, kuma iyakar yawan albarushin da aka tura ta rami mai faɗi ɗaya, iyakar saurin cinyewar maƙogwaro. Maharba suna kiran irin wannan harsashi da wanda kwansonsa ya fi ƙarfin raminsa, kuma .220 Swift na 1935 da .264 Winchester Magnum sun yi suna wajen cin bututu saboda wannan dalili. Harbi a jere kan bututu mai zafi, irin wanda ya yi a watannin gwaji, yana hanzarta lamarin.

Maƙerin ya kuma gyara masa wata fahimta. Maharbin yana ganin wutar hanci albarushi ne da bai ƙone ba yake ƙarasa ci a waje. Galibin ƙwayoyin sun riga sun ƙone tun kan harsashi bai yi nisa a bututu ba. Abin da ke fita iska ce mai zafi da matsi, mai ɗauke da sinadaran da ke kamawa da wuta da zarar sun haɗu da iskar waje. Wato ƙarfin ya riga ya fito daga albarushin, amma bututun ya ƙare kafin iskar ta gama miƙa shi ga kan harsashi.

Lissafin da suka yi a kan takarda

A ranar suka zauna suka kwatanta bindigarsa da wata mai cin .308 Winchester, mai bututun santimita 61. Harsasan biyu suna harba kai iri ɗaya, mai kauri ɗaya da nauyi ɗaya, don haka kwatancen ya zo da sauƙi.

Kwanson .300 Winchester Magnum yana da tsawon kusan milimita 67, cikinsa kuma yana ɗaukar kimanin mililita 6. Na .308 tsawonsa milimita 51, cikinsa mililita 3.6. Faɗin ramin bututun duka biyu bai kai rabin santimita murabba'i ba. Idan aka lissafa sararin da iska ke samu daga tashin wuta zuwa fitar kan harsashi, a gajeren bututunsa iskar tana buɗewa ninki huɗu da rabi ne kawai na girman kwanso, alhali a bindigar .308 tana buɗewa fiye da ninki takwas. Iskar da ta buɗe sosai ta yi aiki sosai, kuma tana fita da ƙaramin matsi.

Sai batun ƙarfi. Ƙarfin kan harsashi shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Giram 11.7 a gudun mita 860 yana ba da kimanin jul 4,310 (jul shi ne ma'aunin ƙarfi). A gudun mita 800, wanda .308 ke kaiwa da albarushi kimanin giram 2.85, yana ba da kimanin jul 3,730. Idan aka raba da nauyin albarushi, kowane giram a bindigarsa yana samar da jul 900, a ɗayar kuma jul 1,300. Tunda giram ɗaya na albarushi yana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen jul 4,000, bindigarsa tana miƙa wa kan harsashi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ƙona, ɗayar kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran yana tafiya a zafin bututu, da gogayya, da iskar da ke fita. Ƙarin albarushi na kashi 68 cikin ɗari ya saya masa ƙarin gudu na kashi 7.5 da ƙarin ƙarfi na kashi 15 ko 16. Ko da bututun ya kai santimita 61 ya ba da mita 900, ƙarin gudun kashi 12.5 ne.

Wannan ba laifin wani kamfani ba ne. Ƙarfi yana bin gudu sau gudu ne, don haka ninka ƙarfi ba ya ninka gudu. Bayan haka, iskar albarushi kanta tana da nauyi, kuma dole a hanzarta ta tare da kan harsashi, don haka wani kaso na kowane ƙarin giram yana tafiya ne wajen tura kansa.

Nauyin iskar yana bayyana a shuri ma. Idan aka ɗauka iskar tana fita da gudun kimanin mita 1,200 a daƙiƙa, kamar yadda aka saba ƙiyastawa, bindiga mai kilo 4 za ta yi shurin jul 31 da nasa harsashin, da na .308 kuma jul 20. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na turin da ke dukan kafaɗarsa daga iskar yake zuwa, shi ya sa birkin hanci ya yi tasiri sosai a kanta.

Abu na ƙarshe da suka duba shi ne amfanin ƙarin gudun mita 60 a daƙiƙa da bindigarsa ta fi .308 da shi, a nisan da yake harbi. Idan aka daidaita saitin bindigogin biyu a mita 200, bambancin saukar harsashi a mita 300 bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma juya maɓallin madubin saiti yana share shi. Lokacin da ya rage albarushi zuwa giram 4.3 kuwa, yana ƙona ninki ɗaya da rabi na abin da .308 ke ƙonawa don ya samu gudu iri ɗaya.

Shekara ta biyu: abin da aka sauya

Ya so a mayar da bindigar tasa ta ci .308, amma sauya bututu kaɗai ba zai yi ba. Gindin kwanson magnum ɗin milimita 13.5 ne, na .308 kuma 12, don haka fuskar sakata da ma'ajiyar harsashi ba za su dace ba. Sai ya sayi wata bindigar daban mai cin .308 da bututun santimita 61, ya mayar da ita ta kullum. Tsohuwar kuma aka sa mata sabon bututu mai santimita 66, ya keɓe ta ga ranakun da yake zuwa filin da ke da nisa mai yawa.

Rawar hannun ba ta tafi da sauya bindiga ba. Ya yi makonni shida yana jan kunama a kan bindigar da babu harsashi, minti goma kullum, kuma a filin harbi abokin nasa ya ci gaba da cusa masa matattun harsasai har ranar da hancin bindigar ya daina motsi. Ya kuma kafa wa kansa dokar harbi biyar sannan ya bar bututu ya huce.

A ƙarshen wata na 18, sabuwar bindigar tana ba da mita 800 a daƙiƙa, tana tara harsashi biyar cikin santimita 2.5 zuwa 3 a mita 100. Laba ɗaya ta albarushi tana ɗura masa harsashi 159. Tsohuwar, da dogon bututunta, ta haura mita 900 da ma'aunin albarushin nan na giram 4.8, wutar hancinta ta ragu, kuma ba ya harba fiye da ashirin da ita a wata. A ƙarshen shekara ta biyu, bayan harbi sama da 1,000, madubin maƙeri ya nuna maƙogwaron .308 ɗin ya ɗan dusashe amma bai tsattsage ba.

Hukunci

A ganina matsala uku ce ta taru ta yi kama da ɗaya, kuma wannan ne ya sa aka shekara ba a gano ta ba. Gajeren bututu ya hana babban kwanso yin aikin da aka ƙera shi dominsa. Yawan albarushi da harbi a jere sun cinye maƙogwaro. Shuri da ƙara kuma sun ɓata hannun maharbin. Kowane gyara da ya yi a shekarar farko ɗaya daga cikin ukun yake taɓawa, wani lokacin ma ya ƙara tsananta wani: ƙarin albarushi ya hanzarta cin bututu, birkin hanci ya musanya shuri da ƙara, rage albarushi ya kawo rashin daidaiton gudu. Wata huɗun da ya yi yana farautar mita 40 su ne suka fi yi masa ɓarna, alhali mita 40 ɗin ba su da wani tasiri a nisan mita 300.

Ba na ganin lamarin ya nuna cewa .300 Winchester Magnum mummunan harsashi ne. Cin moriyar albarushi daban, iyakar abin da harsashi zai iya yi daban. Kusa da mita 1,000 kan harsashin .308 yana gab da saukowa zuwa gudun sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, inda tafiyarsa ke fara rikicewa, na magnum ɗin kuwa yana da sauran gudu, kuma iskar gefe ba ta ture shi sosai. Wanda ke harbi a wannan nisa yana biyan ƙarin albarushi da gajeren ran bututu da saninsa, kuma yana samun abin da ya biya. Shi kansa .308 ɗin an fitar da shi a 1952, takwaransa na soja 7.62×51 ya samu karɓuwa a ƙungiyar NATO a 1954, bisa irin wannan lissafi: kwanson .30-06 na 1906 yana da milimita 63, sai ingantaccen albarushi ya ba da damar rage kusan milimita 12 ba tare da an yi asarar gudu mai yawa ba.

Kuskuren maharbin na farko shi ne ya karanta gudun jikin kwali bai tambayi tsawon bututun da aka auna shi da shi ba. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne bai fara da nisan da yake harbi da yawan harsashin da yake harbawa a wata ba. Mutumin da ke harba 120 a wata a ƙasa da mita 300 yana zuba giram 576 na albarushi ta maƙogwaron magnum, alhali giram 342 ta maƙogwaron .308 za su huda masa takarda ɗaya a wuri ɗaya.